Gidan da Ya Sare Rassansa da Gidan da Ya Bar Su

 Ko kana kan bencin mai shayi a bakin Sama Road, ko kana cikin shago kana jiran mai saye, ko ke uwargida kina tsakar gida da rediyo a gefen murhu, ina roƙon aron kunne na ɗan lokaci. Yau za mu auna gidajen sarauta biyu da tazarar teku da ta ƙarni ta raba. Na farko shi ne gidan Tuda na ƙasar Ingila, wanda ya hau mulki a 1485 ya ƙare a 1603, wato shekara 118, kuma sarakuna biyar kaɗai ya yi. Na biyu shi ne gidan Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya ƙara masa yarda, wanda aka yi wa mubaya'a a Gudu a 1804, kuma ga shi yau, bayan fiye da shekara 200, Sarkin Musulmi na 20 ne ke zaune a fadar nan ta Sakkwato. Me ya kashe wancan gida da wuri, alhali yana da jiragen yaƙi da taskar kuɗi da ƙasa guda a tafin hannunsa? Me kuma ya raya wannan, alhali an ci shi da yaƙi, an raba shi da kotu da 'yan doka da haraji?

Amsar da zan kare ita ce wannan: abin da ke tsawaita ran gidan sarauta shi ne yadda yake yi da 'yan uwan da ba su samu gadon ba, da kuma a hannun wa ya bar zaɓen magaji. Gidan Tuda ya rataya makomarsa a wuyan ɗan fari guda, ya ɗauki kowane dangi na jini a matsayin barazana, ya yi ta sare su har ya wayi gari ba magaji. Gidan Shehu ya bar sarautar tana kewayawa tsakanin 'ya'ya da jikoki, ya ba waɗanda ba su samu ba gari da aiki, ya kuma ɗora nauyin zaɓe a kan majalisar dattawa.

Mu fara da Ingila. Lokacin da Muhammadu Rumfa yake sarautar Kano, Ingila tana fama da basasar da ta ci kusan shekara 30 tsakanin gidan Lankasta da gidan Yok. A watan Agusta na 1485 wani saurayi mai suna Henri Tuda ya dawo daga gudun hijira a Faransa, ya gwabza da Sarki Richad na Uku a filin Bosworth, aka kashe sarkin, shi kuma ya zama Henri na Bakwai. Sai dai hujjarsa ta jini ba ta da ƙwari, don ta wajen mahaifiyarsa ta biyo, kuma akwai waɗanda suka fi shi kusanci da tsoffin sarakuna. Ya auri Elizabet 'yar gidan Yok don ya ɗinke ɓarakar, amma tsoro bai bar zuciyarsa ba, ya kuma gadar wa zuriyarsa wannan tsoron. A 1499 ya sa aka sare kan Edwad na Warik, ɗan ɗan'uwan sarakunan Yok, saurayin da ya girma a kurkuku tun yana yaro, ba shi da wani laifi da ya wuce jinin da ke jikinsa. Ɗansa Henri na Takwas ya ɗora daga nan: a 1521 ya kashe basaraken Bakingham, a 1541 ya kashe Magaret Pol, yayar wancan Edwad ɗin, tsohuwa mai shekara 67. Kowane reshe da ya yi tsawon da zai iya yin inuwa, gatari ke bin sa.

To, wanda ya sare rassa dole ya zuba wa gangar jikin ido. Wannan shi ne abin da ya hana Henri na Takwas barci. Ya hau a 1509, matarsa Katarina 'yar Sifen ta haifa masa mace, Meri, 'ya'yan maza kuwa ba su rayu ba. Da Fafaroma ya ƙi raba auren, sai Henri ya raba ƙasarsa da Fafaroma gaba ɗaya, majalisa ta yi doka a 1534 cewa sarki ne shugaban cocin Ingila. Ya yi aure shida, ya sare kan mata biyu, duk a kan hanyar neman ɗa namiji da tsaron gadonsa. Ya samu ɗan a 1537, Edwad, wanda ya hau yana da shekara 9 ya rasu yana da 15. Meri ta gaje shi, ta mayar da ƙasar ga Fafaroma, aka ƙona mutane kusan 300 a kan aƙida cikin shekara biyar, ta rasu ba haihuwa. Sai Elizabet ta Farko, 'yar da ubanta ya kashe uwarta, ta riƙe ƙasar shekara 44, ta kori rundunar jiragen Sifen a 1588. Amma ba ta yi aure ba, ta kuma hana a yi zancen magaji, har wani ɗan majalisa da ya nace da maganar ya mutu a tsare. Ita ma ta sa hannu aka kashe 'yar uwarta Meri Sarauniyar Sikotilan a 1587. Ranar 24 ga Maris 1603 da Elizabet ta cika, gidan Tuda ya rufe, wani mahayi ya yi sukuwar kusan kwana uku zuwa Edinbara don ya shaida wa Jemis, ɗan waccan Merin da aka kashe, cewa gadon Ingila ya zama nasa.

Yanzu mu dawo gida. Duk wanda ya ce sarautar Sakkwato ta fara ba tare da gargada ba, bai karanta tarihin 1817 ba. Tun a 1812 Shehu ya raba tafiyar da daula tsakanin ƙanensa Malam Abdullahi a yamma da ɗansa Muhammadu Bello a gabas. Da Allah ya yi masa rasuwa a watan Afrilu na 1817, jama'ar Sakkwato suka yi wa Bello mubaya'a, kuma ruwaya ta zo cewa da Malam Abdullahi ya iso ya tarar an rufe ƙofofin gari. Ka auna girman wannan: malamin da ya fi kowa ilimi bayan Shehu, wanda ya jagoranci runduna a Tafkin Kwatto, an tsallake shi an ba ɗan ɗan'uwansa.  Da a Ingilar Tuda ne, da ɗayan biyun nan ya ƙare a hannun hauni. Amma bayan 'yan shekaru, da 'yan tawayen Kalambaina ta ƙasar Gwandu suka matsa wa Malam Abdullahi, Bello ya ɗauko runduna ya kawo masa ɗauki. Masu tarihi sun ce bayan nasara Bello ya yunƙura zai sauka daga doki don girmama baffansa, baffan ya yi masa nuni da ya zauna, shi kuma ya gaishe shi da sunan Amirul Muminina. A wannan ɗan lokaci a kan dawaki aka kafa ƙa'idar da ta riƙe daular: wanda bai samu ba yana nan da darajarsa da ƙasarsa, Gwandu ta zauna a hannun zuriyar Abdullahi har yau.

Ku biyo ni mu ƙirga abin da ya biyo baya, don a nan hujjar take. Bello ya rasu a Wurno a 1837, ƙanensa Abubakar Atiku ya gaje shi. Atiku ya rasu a 1842, sarauta ta koma ga Aliyu Babba ɗan Bello. A 1859 ta tsallaka ga Ahmadu ɗan Atiku, a 1866 ta dawo ga Aliyu Ƙarami ɗan Bello, a 1867 ta hau sama ga Ahmadu Rufa'i, ɗan Shehu na cikinsa. Daga nan sai Abubakar na Raba a 1873 da Mu'azu a 1877, dukansu 'ya'yan Bello, sai Umaru ɗan Aliyu Babba a 1881, sai Abdurrahman ɗan Atiku a 1891, sai Attahiru ɗan Ahmadu a 1902. Daga Shehu zuwa Mai Alfarma Muhammad Sa'ad Abubakar, sau 19 sarautar ta sauya hannu, kuma sau biyu tak ɗa ya gaji ubansa kai tsaye: Bello a 1817, da Muhammadu Tambari da ya gaji Maiturare a 1924, shi ma ya bar gadon a 1931. Ma'anar wannan ita ce babu gidan da ya taɓa fidda rai. Ɗan sarkin da ya san cewa in bai samu yau ba zai iya samu bayan shekara goma, ko ɗansa ya samu, ba shi da dalilin zare takobi. Wanda aka rufe wa ƙofa har abada shi ne ke neman haura katanga.

Abu biyu suka riƙe wannan tsari. Na farko, masu zaɓen sarki, waɗanda akasarinsu zuriyar manyan almajiran Shehu ne da kwamandojin jihadi, ba masu neman gadon wa kansu ba. A gabansu akwai Waziri, daga gidan Gidado ɗan Laima mijin Nana Asma'u, sannan irin su Magajin Gari, Magajin Rafi, Galadiman Gari, Sarkin Yaƙin Binji, Sarkin Kabin Yabo da Arɗon Shuni. Sarki yana mutuwa, amma gidan Waziri da takardunsa da hatiminsa suna nan, tun daga Gidado har Waziri Buhari har Waziri Junaidu. Na biyu, ribaɗi. Bello ya ɗauki al'adar zaunar da 'ya'yan gidan a garuruwan bakin iyaka su tsare daula su raya noma da kasuwa. Shi kansa ya zauna Wurno, gidan Buhari ɗan Shehu ya riƙe Tambuwal, Ahmadu ɗan Atiku ya kafa Cimmola, Maiturare ya kafa Gwadabawa. Inda Tuda suka aika danginsu kurkukun Landan, Sakkwato ta aika nata su koyi mulki, don haka duk ranar da gado ya faɗi akwai gogaggu da za a zaɓa a cikinsu. Ko a 1938 da aka zaɓi Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, Ahmadu Raba da ya nema bai samu ba an naɗa shi Sardauna, ya zama Firimiyan Jihar Arewa.

 Na san akwai masu sauraro da tuni suka tanadi martani, bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Wani zai ce ai zancen bai kai haka tsawo ba, yawan mata ne kawai: addinin Henri ya ɗaure shi da mace ɗaya, sarakunanmu kuwa suna da huɗu da ƙwaraƙwarai, dole 'ya'ya su yi yawa. Gaskiya ne yawan zuriya ya taimaka, ba mai musun haka. Amma yawan 'ya'ya ba tare da ƙa'idar zaɓe ba, itace ne aka tara kusa da wuta. A zamanin Elizabet ɗin nan, a 1595, Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya Muhammadu na Uku ya sa aka kashe 'yan uwansa maza 19 da hawansa gado. A Songhai, 'ya'yan Askiya Dawuda sun yi ta kokawa a kan mulki har aka yi basasa a 1588, shekara uku bayan haka rundunar Maroko ta tarar da daula a raunane ta murƙushe ta a Tondibi a 1591. Shi kansa Ahmad al-Mansur na Maroko da ya aiko rundunar, wanda ya yi ta musayar wasiƙu da Elizabet, ya rasu a 1603, shekarar da ita ma ta rasu, 'ya'yansa suka yayyaga ƙasar tsakanin Fas da Marrakish. Duk waɗannan gidaje ne masu 'ya'ya rututu. Abin da suka rasa shi ne dattawan da kowa ya yarda da hukuncinsu, da kuma tabbacin cewa wanda ya faɗi zai kwana da ransa.

Wani kuma zai ce to ai Sakkwaton ma ba ta tsira daga rigima ba. Haka ne. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Bello, ya bar gida ya nufi Adamawa, ya bi da'awar Mahadin Sudan, ya haɗa kai da Rabe, ya ƙare a ƙasar Barno. A 1893 Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur sarautar Kano alhali 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi suna ganin lokacinsu ne, abin da ya haifar da Basasar Kano, aka zubar da jini har 1895. A watan Nuwamba na 1988, bayan rasuwar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku da ya shekara 50 a kan gado, jama'a da dama sun sa ran Muhammadu Maccido, sai aka sanar da Ibrahim Dasuki a zamanin mulkin soja, gari ya hargitse, rayuka suka salwanta. A 1996 wata gwamnatin sojan ta sauke shi ta naɗa Maccido. Amma ku lura da zaren da ya ratsa rigimar Kano da ta 1988 da ta 1996: a kowacce, jama'a sun ga kamar ikon mutum ɗaya ya rinjayi shawara. Rikicin ya zo ne lokacin da aka kauce wa ƙa'idar, wanda ke nuna ƙa'idar ce take riƙe da zaman lafiya a sauran lokutan. Ku kuma lura cewa ko soja mai bindiga bai iya fita wajen gidan ba, domin Dasuki jinin Buhari ɗan Shehu ne.

Martani na uku ya fi nauyi: cewa Turawa ne suka raya sarautar don amfanin kansu. Babu shakka mulkin mallaka ya ci moriyarta. A ranar 15 ga Maris 1903 sojojin Ingila suka ci Sakkwato a filin Giginya, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas ya yi shahada a Burmi a watan Yuli, ɗansa Mai Wurno ya ƙarasa da sauran jama'a har Sudan. Cikin 'yan kwanaki da faɗuwar gari Gwamna Lugga ya tabbatar da Attahiru na Biyu ɗan Aliyu Babba. Amma Bature ba mai tausayin gidajen sarauta ba ne. A 1906 ya kawar da gidan Dallazawa a Katsina ya ɗora Muhammadu Dikko, a Daura ya dawo da tsohon gidan Haɓe. Inda ya ga zai iya sauya gida, ya sauya. A Sakkwato bai iya ba, saboda darajar gidan ta samo asali ne daga Shehu da littattafansa, abin da bindiga ba ta bayarwa. Kuma da a ce tsarin ɗan fari ake bi, da tafiyar Attahiru da ɗansa ta bar gadon wayam. Kasancewar akwai wani reshe a gida, da majalisar da za ta nuna shi, shi ya sa igiyar ba ta tsinke ba.

Akwai kuma masu ilimi da za su ce, ai Shehu bai yi jihadi don ya kafa gidan sarauta ba. A Kitabul Farƙi ya lissafa karɓar mulki ta gado da ƙarfi ba tare da shawara ba cikin abubuwan da ya soki sarakunan zamaninsa da su, Malam Abdullahi ma ya yi gargaɗi a kan juyewar jagoranci zuwa mulukiya. Wannan magana ce da ba za a share ta ba, kuma adalci shi ne a yarda cewa taƙaita sarauta ga zuriya ɗaya bai cika burin farko ba. Amma ina ganin wannan sukar tasu ce ta hana gidan zama irin na Tuda. Tun da waɗanda suka kafa daular sun rubuta da hannunsu cewa jini kaɗai ba hujja ba ne, babu sarkin da zai iya miƙewa ya ce ɗana ne zai gaje ni ko ana so ko ba a so. Aka tsaya a tsakiya: jini ya iyakance waɗanda za a duba, shawara ta fitar da wanda za a naɗa.

Na ƙarshe zai ce, to ai sarautar Ingila tana nan har gobe, ina faɗuwar take? Sarautar tana nan, gidan Tuda ne ya tafi, kuma abin da ya cece ta shi ne abin da muke magana a kai. A 1603 'yan majalisar sirrin Elizabet, a ƙarƙashin Robat Sesil, su suka shirya miƙa mulki ga Jemis a asirce tun tana da rai. Majalisar dokokin da Henri na Takwas ya yi ta kira don ta halatta masa aurensa da gadonsa, ita ce ta yi ƙarfi har ɓangarenta ya yanke wa Sarki Chals na Farko hukuncin kisa a 1649, ta tabbatar da saukar Jemis na Biyu daga gado a 1689, ta kafa dokar gado a 1701 wadda ta tsallake dangi da dama na kusa ta ɗauko Joj daga Jamus a 1714. Wato sai da Ingila ta sha wuyar fiye da ƙarni biyu kafin ta amince cewa magana ta ƙarshe a kan magaji ta majalisa ce.

Saboda haka, jama'a, in ana maganar kare martabar sarauta a yau, kada hankali ya tsaya kan fentin fada da yawan motocin rakiya. A duba ko masu zaɓen sarki suna da 'yancin faɗin abin da suka gani, a kuma duba ko ana mutunta gidajen da sarautar ba ta hannunsu a yanzu. Tun da doka ta ba gwamna sa hannu na ƙarshe, nauyi ne a kansa ya tuna da 1893 da 1988. Tambayar ba ta tsaya a fada ba. Attajirin da ke da jerin shaguna a Sama Road, da malamin da ke da makaranta mai ɗaruruwan ɗalibai, kowannensu zai bar gado wata rana. In ya ware ɗa ɗaya ya ture ƙannensa da sauran 'ya'yansa, ya kuma hana a yi zancen magaji yana raye, to ya san hanyar wa ya bi, ya kuma ji inda ta kai su a 1603.

A nan za mu dasa aya. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ja zamanin Sarkin Musulmi, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.